Yadda ake bin sawun magungunan da ke rufe bakin ƙwayoyin halittar gado a cikin jiki

A shekarar 1998 ne masana biyu 'yan Amurka, Andrew Fire da Craig Mello, suka gano cewa wani nau'in sinadarin RNA na iya hana ƙwayar halittar gado isar da umarninta, ta yadda jiki zai daina sarrafa furotin ɗin da take ba da umarnin a yi. Binciken ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2006. Sai a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da patisiran, magani na farko na wannan rukuni, domin wata cutar gado mai lalata jijiyoyi.

Matsalar ita ce isar da maganin inda ake bukata. Idan aka yi allurarsa, ƙoda kan tace wani kaso ta fitar, mafi yawan sauran kuma ya taru a hanta. Shi ya sa magungunan farko da aka amince da su duk a hanta suke aiki.

Domin ganin inda maganin ya nufa ba tare da an yanka dabbar gwaji ba, masana kan maƙala masa alama mai fitar da tururin nukiliya kaɗan, kamar tagulla-64 wadda ƙarfinta ke raguwa da rabi cikin kusan sa'o'i 13, sannan na'urar PET ta ɗauki hotonsa. Sai dai na'urar alamar take gani, ba maganin ba. Idan alamar ta ɓalle a hanya, hoton zai yaudari mai kallo.

Isa wurin ma bai nuna an yi aiki ba. Wani gwaji da masanan cibiyar Caltech suka wallafa a 2007 ya bayyana haka. Sun dasa wa ɓeraye ƙarin sankara mai ɗauke da ƙwayar halittar da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare haske, domin dusashewar hasken ta zama shaidar cewa maganin ya ci. Hoton PET ya nuna samfura biyu na maganin sun taru a ƙarin kusan daidai wa daida, amma wanda aka tsara domin ya kutsa cikin ƙwayoyin sankarar ya rage hasken da kusan rabi idan aka kwatanta da ɗayan.

Wannan dabarar haske ba ta yiwuwa a jikin ɗan Adam. Don haka likitoci sun fi dogara da gwajin jini wajen auna ko furotin ɗin ya ragu, abin da ke da sauƙi ga hanta, amma mai wuya ga ƙwaƙwalwa ko ƙarin da ke can cikin jiki.