Ƙudurin Sabuwar Shekara da Tarbiyyar Zaurukan Mandawari

Ƙudurin sabuwar shekara shi ne alkawarin da mutum kan ɗaukar wa kansa idan shekara ta juya: zai bar wata ɗabi'a, ko ya koyi sana'a, ko ya tara jari, ko ya koma karatu. A Kano maganar kan taso sau biyu. Takan taso a ƙarshen Disamba, lokacin da matasa ke cika Facebook da jerin burace-buracensu, ta kuma sake tasowa ranar 1 ga Muharram, wadda gwamnatin jihar ta saba ba da hutu dominta. Kowane karo gardama ɗaya ake maimaitawa a gidajen rediyo da majalisun hira: wace ce shekararmu, wace ce ta aro? Tambayar tana da gurbinta, sai dai ta danne wadda ta fi ta nauyi, wato me mutum ya yi da watanni goma sha biyun da suka shige.

Janairu ta zama farkon shekara tun zamanin Rumawa, Fafaroma Gregory na 13 ya gyara lissafin a 1582, Turawan mulkin mallaka kuma suka kafa shi a Kano bayan 1903. Kalandar Hijira kuwa Halifa Umar ne ya tsayar da ita bayan shawara da sahabbai, aka fara ƙirga daga shekarar hijira, wato 622, kuma kwanakinta 354 ne ko 355. Bakano yana tafiya da duka biyun. Albashi da kasafin kuɗin gwamnati suna bin ta farko, azumi da zakka da aikin Hajji suna bin ta biyu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tsara buri da bin diddiginsa a matsayin baƙon abu da intanet ta kawo. Unguwar Mandawari kaɗai ta isa ta ƙaryata wannan. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci a 1908, ya ruwaito cewa Wangarawa kimanin arba'in sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Wasu masana na ganin zuwan nasu ya kai zamanin Muhammadu Rumfa. A cikin ayarin akwai Mandawali, wanda aka naɗa limamin Wangarawa da manyan gari, kuma da shi ake danganta unguwar, kamar yadda ake danganta unguwar Sheshe da abokin tafiyarsa mai wannan suna. Wangarawan malamai ne fatake, kuma karatu da ciniki duka sana'o'i ne da ba sa yiwuwa sai da lissafi.

Tsarin karatun da ya kafu a zaurukan cikin birni yana da tsani bayyananne. Yaro a makarantar allo ba a ce masa ya haddace Alƙur'ani bana. Ana rubuta masa abin da zai iya ɗauka, ya biya wa malam, sai ya kiyaye sannan a ba shi izinin wanke allo a yi masa ƙari. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimla 480, don haka mai hadda ya san inda yake tsaye da abin da ya rage masa a kowace safiya. Bayan sauka sai makarantar ilimi, inda ɗalibi ke ɗaukar littattafan fikihu bi da bi: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har zuwa Muktasar, littafin da unguwar Madabo ta shahara da karantarwa. Layuka kaɗan malam ke fassarawa a zama guda. Tela da maɗinkin hula da mai rumfa a kasuwar Kurmi kan ɗauki karatunsu bayan asuba kafin su fita nema, kuma da yawansu kan shekara ashirin a haka ba fashi sai Alhamis da Juma'a. Wannan shi ne aiki da hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, wanda ke nuna cewa aikin da ya ɗore, ko da kaɗan ne, shi Allah ya fi so.

Ɗan kasuwa ma yana da ranar hisabinsa. Idan shekara ta zagayo kan dukiyarsa, yakan ƙiyasta kayan shago, ya haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da yake sa ran karɓa, ya cire wanda ake bin sa, in ya kai nisabi ya fitar da kashi 2.5 cikin 100. Wanda ya yi wannan da gaskiya ya san ko shekararsa ta ci riba ko ya cinye uwar kuɗi. Mata a cikin gida kuwa adashi ne makarantarsu: zubi ƙayyadadde, rana sananniya, da uwar adashi da ba ta karɓar uzuri.

Abin da waɗannan tsare-tsare suka haɗu a kai shi ne buri yana da ma'auni, kuma akwai wanda zai tambaya. Ƙudurin yau ya rasa duka biyun. Saurayi ya rubuta cewa bana zai yi arziki, jama'a su yi masa fatan alheri, ba wanda zai tare shi a watan Maris ya ce ina aka kwana. Laifin ba na ƙudurin ba ne. Binciken da John Norcross na Jami'ar Scranton a Amurka ya wallafa a 2002 ya gano cewa kashi 46 cikin 100 na masu ƙuduri suna kan bakansu bayan wata shida, alhali kashi 4 kacal na masu fata ba tare da ƙuduri ba suka cimma haka. Tsayar da niyya yana da amfani, amma fiye da rabi sun zube a hanya.

Hukumomi ma ba su kuɓuta ba. Hutun 1 ga Muharram kan ƙare da jawabi da kiran a yi addu'a, alhali jihar tana da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, tana kuma da Hukumar Zakka da Hubusi. Me zai hana a mai da wannan rana ranar buɗe rajistar azuzuwan yaƙi da jahilci a kowace unguwa, a kuma koya wa ƙananan 'yan kasuwa lissafin shekara? Masu unguwanni da limaman cikin birni su fara, ba sai sun jira takarda daga sama ba. Duk mai ƙuduri kuma, na Janairu ne ko na Muharram, ya rage shi zuwa abin da zai iya yi kullum, ya nemi malami ko dattijon da zai riƙa biya masa duk mako.