Shan Lofe: Asalinsa, Kayansa da Abin da Yake Jawowa

Lofe 'yar ƙaramar tukunya ce da ake cusa busasshen ganyen taba a ciki, a kunna masa wuta, a riƙa zuƙo hayaƙin ta siririn bututu zuwa baki. Ya girmi sigari nesa ba kusa ba, kuma har ƙarshen ƙarni na 19 yana cikin manyan hanyoyin shan taba a duniya. Yau mashayansa 'yan tsiraru ne. Sai dai a Turai da Amurka da Japan akwai waɗanda suka mai da shi abin sha'awa: suna tara lofe iri-iri, suna kafa ƙungiyoyi, suna shirya gasa, kuma duk shekara masu sassaƙa da masu saye kan haɗu a babban baje koli a Chicago. Sabon shiga yakan tarar da ilimi mai faɗi a gabansa, na itace, na ganye, da na sarrafa wuta.

Taba tsiron nahiyar Amurka ce. Mutanen asali na can sun daɗe suna shanta a lofen dutse da na yumɓu, kuma a wajen ƙabilu da dama na Arewacin Amurka lofe kayan ibada ne da ƙulla alkawari. Har gobe akwai mahaƙar jan dutse a Pipestone, cikin jihar Minnesota, wadda 'yan waɗannan ƙabilu kaɗai ke da izinin haƙa. Mutanen Columbus sun ga ana shan taba a Kuba a 1492, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 16 maginan Ingila sun fara ƙera farin lofen yumɓu, daga baya garin Gouda na Holan ya shahara da sana'ar. Tun farko taba ta gamu da maƙiya. Sarki James na ɗaya na Ingila ya rubuta littafi yana kushe ta a 1604, ya kuma lafta mata haraji mai nauyi. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na huɗu ya hana shanta a 1633, hukuncin wanda aka kama kisa ne. Duk da haka ba ta daina yaɗuwa ba.

A wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta iso Timbuktu, nan da nan malamai suka shiga muhawara a kanta. Shehu Ahmad Baba ya rubuta risala a 1607 yana halatta ta, wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa. A ƙasar Hausa an san lofen yumɓu mai bututun kara ko na itace a hannun dattawan karkara, tare da taba gari da ake haɗawa da kanwa, da furen taba da mata ke goga wa haƙora. Wannan lofe kayan talaka ne, maginin tukwane ke yin sa, idan ya fashe a sayi wani. Wanda ake tarawa a Turai wani abu ne daban, kuma bambancin ya faro ne daga abin da ake yin tukunyar da shi.

Lofen yumɓu yana da arha kuma ba ya gurɓata ɗanɗanon taba, amma yakan yi zafin da ba a iya riƙe kansa, ga saurin karyewa. A ƙarni na 18 masu hali suka koma ga mirsham, wani farin dutse mai laushi, marar nauyi, wanda mafi kyawunsa ake haƙowa a kewayen Eskişehir a Turkiyya. Yana karɓar wuƙar masassaƙi cikin sauƙi, shi ya sa masassaƙan Vienna suka yi suna wajen fitar da fuskokin mutane da dabbobi a jikinsa. Yana kuma tsotse man taba, sai ya riƙa rinewa a hankali daga fari zuwa ruwan zuma har zuwa ja mai duhu, kuma masu shi kan yi shekaru suna jiran wannan launi.

Galibin lofen da ake sayarwa yau da itacen biraya ake yin sa. Wani ɗan ƙaramin itace ne da ke fitowa a busassun tuddan da ke kewaye da Bahar Rum, a tsibirin Kosika, da Italiya, Girka, Sifaniya da Aljeriya. Ba reshe ake nema ba, dunƙulen da ke tsakanin saiwa da gindi ake tonowa, wanda itacen ke tara ruwa a ciki domin rani. Dunƙulen yana da tauri, ba ya saurin cin wuta, kuma yana shanye danshi, abubuwa uku da lofe ke bukata. Sai itacen ya yi shekaru 30 ko fiye kafin dunƙulen ya isa aiki. Bayan an tono shi ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a tafasa na sa'o'i don fitar da ɗacin ruwan jikinsa, sannan a shanya shi watanni, wani lokaci shekaru. Garin Saint-Claude da ke tsaunukan Jura a Faransa shi ya fara sarrafa biraya da yawa a wajen shekarun 1850, kuma har yanzu da wannan sana'a aka san shi. Daga baya manyan kamfanoni suka yi suna: Peterson a Dublin, Savinelli a Italiya, Dunhill a Landan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masassaƙan Denmark, irin su Sixten Ivarsson, suka daina bin tsayayyen fasali, suka riƙa barin zanen jikin itacen ya nuna musu siffar da za su fitar. Irin wannan lofe na hannu kan kai dubban daloli, alhali na masana'anta bai wuce 'yan gomomi ba. Gaskiyar magana, bayan wani mataki kuɗin kyau ake biya, hayaƙin bai canza ba.

Mafi arha shi ne na totuwar masara. Wani Baholande mai suna Henry Tibbe ya fara yin sa a garin Washington na jihar Missouri a 1869, kuma kamfanin da ya kafa, Missouri Meerschaum, yana nan yana aiki. Shi ne lofen da ake gani a bakin Janar Douglas MacArthur a hotunan yaƙi, kuma shi ake yawan ba sabon shiga shawarar farawa da shi, tun da ko ya lalata shi bai yi asara ba. Akwai kuma na duma, mai lanƙwasasshen wuya, wanda ya fito daga Afirka ta Kudu, aka kuma jingina shi ga Sherlock Holmes, ɗan binciken nan na ƙagaggun labarai, a wasan kwaikwayo da fim.

Tabar lofe ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan mashaya suka fi yin gardama. Virginia ana busar da ita da zafin bututun wuta a cikin rumbu, sai ta fito rawaya, da zaƙinta na asali, amma tana saurin ƙona harshe. Burley a inuwa take bushewa, ba ta da zaƙi sosai, nikotin ɗinta ya fi yawa, kuma tana karɓar duk ƙamshin da aka zuba mata. Akwai ƙananan ganye masu ƙamshi da ake shanyawa a rana a Turkiyya, Girka da Bulgeriya. Latakia ta samo asali daga Siriya, ko da yake daga baya galibin aikinta ya koma Cyprus. Ana rataye ganyen a kan hayaƙin itatuwa masu ƙamshi har ya yi baƙi, warinsa kuwa na gobarar daji ne, mai shi na yabo, na kusa da shi na toshe hanci. Perique ta fi kowacce ƙaranci. A gundumar Saint James ta jihar Louisiana ake yin ta, inda ake danne ganyen a cikin gangar itace na kusan shekara guda yana tsima cikin ruwan jikinsa, kuma kaɗan ake barbaɗawa a gauraye. Daga waɗannan ake haɗa ɗaruruwan gauraye. Sababbin shiga sun fi karkata ga waɗanda aka sa wa ƙamshin 'ya'yan itace ko na zuma, duk da cewa su suka fi danshi, suka fi wuyar ci da wuta.

Abin da ke korar yawancin masu farawa shi ne wutar kanta. Sigari ana kunna shi ya ci har ƙarshe, lofe kuwa sai an yi ta lallaɓa shi. Mashaya kan cusa tabar hawa uku: na ƙasa sako-sako, na tsakiya da ɗan danni, na sama da ƙarfi kaɗan, yadda iska za ta ratsa ba tare da ta yi yawa ba. Kunnawar farko ƙona saman kawai take yi, ganyen ya kumbura ya taso, sai a mai da shi da ɗan madanni mai faffaɗan kai, a sake kunnawa. Daga nan ana zuƙa a hankali, a riƙe hayaƙin a baki a fitar, ba a kai shi huhu. Mai gaggawa yakan sa tukunyar ta yi zafi, tururi ya taru, harshensa ya ƙone ya kwana biyu yana raɗaɗi. Mai jinkiri da yawa kuma wutar ta mutu masa, ko da yake sake kunnawa ba abin kunya ba ne ko a wajen tsofaffin hannu. Cika ɗaya kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda, don haka ba kasafai ake shan lofe a tsaye ko a kan hanya ba.

Bayan an gama ana zubar da toka, a zura wata siririyar waya mai naɗe da auduga cikin bututun don share danshi, a bar lofen ya huta kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Wannan hutu shi ne hujjar da mashaya ke kafawa wajen sayen na biyu da na uku, har ɗaki ya cika. A hankali wani baƙin ɓawo kan taru a cikin tukunyar kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Siririnsa yana kare itacen daga wuta, amma idan ya yi kauri yakan tsaga lofen, don haka ake kankare shi lokaci-lokaci.

Gasar lofe ta jinkiri ce. Ana ba kowane ɗan takara sabon lofe iri ɗaya, da giram 3 na taba, da ashana 2, da madannin itace. Yana da minti 5 na cusa taba, minti 1 na kunnawa, daga nan wanda wutarsa ta mutu ya fita. Gwanaye sun haura sa'a 3 da wannan 'yar taba.

Sigari ne ya ture lofe. Injin naɗa sigari da James Bonsack ya ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1880 ya sa ya yi arha, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya saba wa miliyoyin sojoji da abin da ake sha cikin minti biyar. Lofe ya zama alamar malamai, marubuta da 'yan siyasa: Albert Einstein, Bertrand Russell, J. R. R. Tolkien, Firayim Minista Harold Wilson na Birtaniya, da Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu. Wannan kwarjini na dattaku shi ne jarin da lofe ke ci har yau, kuma shi ke sa mutane da yawa ɗaukar cewa ba shi da illa.

Bincike bai goyi bayan wannan zato ba. Hayaƙin tabar lofe yana sakin nikotin ta fatar cikin baki, saboda haka ko ba a kai shi huhu ba yana shiga jini, kuma jaraba na kama mutum. Wanda ya saba da sigari kuwa da wuya ya daina haɗiye hayaƙin idan ya koma lofe. Tun a 1795 wani likita Bajamushe, Samuel Sömmerring, ya lura da yawan sankarar leɓe a tsakanin mashaya lofe, kuma rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964 ya tabbatar da alaƙar. A 2004 Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta fitar da sakamakon binciken da ya bi maza fiye da 138,000 tsawon shekaru 18. An gano cewa masu shan lofe kaɗai sun ninka waɗanda ba su taɓa shan taba ba kusan sau 5 wajen mutuwa da sankarar huhu, kusan sau 13 wajen sankarar maƙogwaro, ga ƙarin ciwon zuciya, shanyewar jiki da toshewar hanyoyin numfashi. Haɗarin bai kai na sigari ba, amma ya yi daidai da na babban naɗin nan da ake kira siga, ko ya fi. Ciwon dasashi da zubewar haƙora ma suna cikin lissafin, kuma hayaƙin da ya cika ɗaki na sa'a guda mata da yara ke shaƙarsa. Ga wanda bai taɓa shan taba ba, fara lofe ɗaukar wa kai haɗarin da a da babu shi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma ba ta ware wata hanyar sha a matsayin marar cutarwa ba. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a, ba tare da bambanta lofe da sigari ba. Malaman Musulunci na wannan zamani, da suka ga hujjojin likitoci waɗanda Ahmad Baba bai gani ba, galibinsu tsakanin haramci da karhanci suke. A Birtaniya ma kyautar gwarzon mashayin lofe na shekara, wadda aka faro a shekarun 1960, ta tsaya bayan 2003 saboda dokar hana tallar taba. Daga cikin masu tarawa akwai waɗanda sassaƙar kaɗai ke burge su, ba sa sha ko kaɗan, kuma a kasuwarsu lofen da ba a taɓa sa masa wuta ba ya fi wanda aka sha tsada.