Kayan Sallah: yadda ake zaɓen wuƙa mai nagarta don uwargida ko maigida

Idan Babbar Sallah ta ƙarato, hankalin magidanta a Madawa, Buza da Keita yakan tafi ga rago, atamfa, shadda da takalman yara. Wuƙa kuwa sai ranar jajibere ake tunawa da ita, a aiki yaro kasuwa ya sayo duk wadda ya tarar. Washegari a ga maigida yana fama da wuyan rago, uwargida kuma tana dannar nama da wuƙar da ko albasa ba ta yankawa da kyau.

Amma babu lokacin da wuƙa ke shan aiki kamar wannan. A Nijar, bayan yanka da fiɗa, ana gicciya rago a kan itace a gasa shi yini guda, washegari a sassara a rarraba wa dangi da maƙwabta, sauran a yayyanka a soye. Aikin kwana biyu zuwa uku ke nan, kuma mafi yawansa yana hannun mata. Saboda haka wuƙa mai kyau kyauta ce da za a ji daɗinta har wata Sallar.

Baƙin ƙarfe ko inoks?

Wuƙaƙen da ke kasuwanninmu iri biyu ne. Na farko su ne na maƙera, waɗanda ake ƙerawa da baƙin ƙarfe, sau da yawa daga tsofaffin farantan ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota a ƙarƙashi. Maƙeri yana gasa ƙarfen har ya yi ja, ya buge shi, sannan ya tsoma shi a ruwa ko mai don ya yi tauri. A nan gwaninta take. Idan taurin ya yi yawa, bakin wuƙar ya dinga ɓantarewa. Idan ya yi kaɗan, ya dinga lanƙwashewa. Wadda aka yi daidai tana da kaifi sosai kuma ba ta wuyar wasawa. Aibinta tsatsa: in an bar ta da danshi, kafin safiya ta yi ja.

Na biyu su ne na kanti masu ƙyalli, waɗanda ake kira inoks. Wani Bature mai suna Harry Brearley ya fito da irin wannan ƙarfe a birnin Sheffield na Ingila a shekarar 1913. Abin da ke hana shi tsatsa shi ne sinadarin kuromiyom, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari na ƙarfen. Ga mai yanka tumatur, lemun tsami da albasar fadamar Tarka ko ta Galmi kullum, inoks ya fi sauƙin riƙo, domin ruwan waɗannan kayan miya yana baƙanta baƙin ƙarfe. Sai dai ƙyalli ba shi ne nagarta ba. Inoks mai arha yakan zama mai laushi, ya dakushe cikin ƴan kwanaki. Sunaye irin su Tramontina na Barazil da Opinel na Faransa sun yi fice, amma buga suna a jikin wuƙa ba shi da wuya, don haka a gwada kafin a biya.

Abin da za a duba a gaban mai sayarwa

A fara da mariƙi, domin a nan yawancin wuƙaƙe ke mutuwa. Wuƙa mai ƙarko ita ce wadda ƙarfenta ya zarce cikin mariƙin har ƙarshe, aka kuma daddasa shi da ƙusoshi biyu ko uku. A riƙe ruwan wuƙar da tsumma a girgiza mariƙin. In ya motsa ko kaɗan, a ajiye ta.

Sai a ɗaga bakin wuƙar a hasken rana. Baki mai kaifi ba ya walƙiya. Duk inda aka ga ɗigon haske, wurin ya dakushe ko ya ɓantare. A miƙe ta a gaban ido a tabbatar ba ta karkace ba. Daga nan a gwada ta a kan takarda ko tumatur: mai kaifi tana shiga ba tare da an danna ba.

Na ƙarshe shi ne hannun wanda zai yi aiki da ita. Wuƙar da ta yi wa namiji daidai tana iya yi wa matarsa nauyi. In da hali, a je tare, ko a duba wadda ta fi yawan ɗauka a madafa a sayo mai kama da ita.

Uku sun wadatar

Ba sai an sayi kwali mai wuƙa goma ba. Babba guda mai tsawon kamar santimita 20 don nama da kabewa, ƙarama guda don feraye da kayan miya, sai adda ko ƙaramin gatari don ƙashi. Sara ƙashi da wuƙar nama shi ne ke kashe wuƙaƙe da yawa ranar Sallah.

Matar da ke son yi wa maigida kyauta kuwa, wuƙar yanka mai tsawo da kubenta na fata ta dace, kuma mahautan gari sun san maƙerin da aikinsa ke ƙarko. Addini ya yi umarni da a wasa wuƙa don a sauƙaƙa wa dabba, malamai kuma suna hana wasa ta a gaban abin yankan.

A haɗa da dutsen washi

Duk kyan wuƙa sai ta dakushe, shi ya sa kyautar ba ta cika ba sai da dutsen washi. A jiƙa dutsen, a ɗan ɗaga bayan wuƙar kaɗan, a goga kowane gefe daidai wa daida. Goga ta a gindin turmi, a siminti ko a bakin tukunya yana cinye ƙarfe ne kawai. A yi yanka a kan katako, kada a yi a kan tire ko dutse. A wanke, a goge ta bushe, baƙin ƙarfe kuma a shafa masa ɗan man gyaɗa.

Mutane da yawa suna zaton dakusasshiyar wuƙa ta fi aminci. Akasin haka ne: ita ce ake dannawa da ƙarfi, ta zame ta sami yatsa. Mai kaifi kuma tana rage hawayen albasa, domin yankawa take yi, ba murƙushewa ba. Amma a sama mata wuri mai tsawo inda hannun yara ba ya kai.

Ladubban kyautar

A Faransa akwai camfin cewa kyautar wuƙa tana yanke zumunci, shi ya sa wanda aka ba yakan mayar da ɗan kwabo. A nan abin kiyayewa daban ne. Wuƙa kayan aiki ce, ba ta maye gurbin turmin atamfa. Wanda ya kawo ta ita kaɗai a matsayin kayan Sallah ya shirya jin magana. Mai mata biyu kuma ya sayo iri ɗaya wa kowane ɗaki. A ƙarshe, a yi sayayyar da wuri. Mako biyu kafin Sallah, maƙera a Tamaske, Tabotaki ko Sabon Gida suna da lokacin yi wa mutum aiki a natse; a jajibere kuwa sai abin da ya rage a kan tabarma.