Gidan ƙarshen layi

Duk mazaunin Sagnarigu, a yankin Tamale, ya san halin famfo. Daga Nawuni ake ɗebo ruwan, a tace shi a Dalun, sannan ya biyo bututu zuwa Tamale. Idan ƙarfinsa ya ragu, gidan da ke ƙarshen layi shi ke fara bushewa, alhali na kusa da babban bututu suna ta cika randa.

Haka jijiyoyin jikin ɗan Adam suke. Kowace jijiyar ji ta ƙafa da hannu tana samun abincinta ne daga tushenta da ke gefen ƙashin baya, kuma yatsun ƙafa su ne ƙarshen layi, sai na hannu. Magungunan ciwon daji irin su paclitaxel da vincristine, yayin da suke yaƙar cutar, sukan toshe wannan hanya. Cisplatin da oxaliplatin kuwa tushen suke taɓawa. Shi ya sa mai jinya kan ce tafin ƙafarsa ya mutu, ko kamar ana tsira masa allura. Wani nazari da aka buga a 2014 ya nuna kusan kashi 68 cikin 100 na masu karɓar irin waɗannan magunguna, wato kemo, suna jin haka a watan farko bayan kammalawa, kashi 30 kuma har bayan wata shida.

Abin ba ƙarami ba ne. Matar da ke kwaɓa man kaɗe da hannu ta kasa sana'arta. Tela ya kasa zura zare. Dattijo ya taka ƙasa mai zafi a watan Maris, ya ƙone bai sani ba. Mai ciwon suga kuma ya fi shiga haɗari.

Da yawa sukan yi shiru, suna tsoron kada likita ya tsayar da magani; wasu su ce sammu ne. To, wanda famfonsa ya ƙafe bai faɗa ba, wa zai san a gyara? Likitan Asibitin Koyarwa na Tamale ba zai ga mutuwar yatsa da ido ba, sai an gaya masa. In ya ji da wuri, yana iya rage yawan maganin, ko jinkirta shi, ko sauya wani. Akwai kuma duloxetine mai sassauta zogi.

Mu 'yan uwa, namu shi ne mu riƙa duba ƙafar majinyaci kullum, mu gwada masa zafin ruwan wanka da na alwala, mu hana shi tafiya ba takalmi. Ranar asibiti kuma mu raka shi, mu tabbata ya faɗa wa likita abin da yake ji tun yana yatsa.