Ko Ka San Zarton da Ke Tafiya Kamar Keken Ɗinki?

Ko ka san akwai injin yankan katako da ruwansa bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, amma shi ke fitar da furanni da ƙulle-ƙullen da ake gani a allon gadon amarya da saman ƙofar falo? Turawa na kiransa scroll saw, mu kuma mu ce zarton ado. Ruwan nasa inci 5 ne tsawonsa, an ɗaure shi sama da ƙasa, yana hawa yana sauka a tsakiyar faifan ƙarfe, kafinta kuma yana juya katakon da hannu biyu kamar yadda tela ke juya yadi a ƙarƙashin allura. Abin da ya fi sauran zartuna da shi shi ne yankan ciki. A huda ƙaramin rami a tsakiyar katako, a kwance ruwan, a zura shi ta ramin, a sake ɗaurewa, sai a ƙwaƙule fure ba tare da an taɓa gefe ba.

Da ƙafa aka fara tuƙa shi. A shekarun 1870 kamfanin Barnes na garin Rockford a Amurka ya fara ƙera irin wanda mai aiki zai hau ya riƙa taka feda, a Ingila kuma kamfanin Hobbies na garin Dereham ya cika gidaje da nasa masu takawa. Daga baya mota mai amfani da lantarki ta shigo, kamfanin Delta na Milwaukee ya yi suna da manyan injuna na ƙarfen zubi masu zurfin inci 24, wato tazarar da ke tsakanin ruwan zarton da ginshiƙin baya.

To, a ce kafinta ne a Unguwar Tudu, aikin kujeru da gadaje na aure ya fara kawo masa kuɗi, ya kama hanyar Gwarzo zuwa Kano da niyyar sayen katako a Na'ibawa da kuma injin nan. Tsoho zai ɗauka ko sabo?

Bambancin farko yana cikin yadda ruwan ke motsi. A tsohon inji mai sandararren hannu, mota ce ke jan ruwan ƙasa, sifirin da ke sama ya mayar da shi. Idan katako ya yi kauri ko ya riƙe haƙoran, sifirin ba ya iya jawowa da wuri, sai ruwan ya lanƙwashe ya karye. A shekarun 1970 injin Hegner na Jamus ya yaɗa wata dabara: hannaye biyu, na sama da na ƙasa, suna tafiya tare, ruwan yana ɗame a kowane lokaci. Shi ya sa na zamani ke ɗaukar ruwa siriri ƙwarai ya yi kwana a wuri ɗan ƙanƙani. DeWalt DW788, misali, ana iya rage masa gudu zuwa bugu 400 a minti ɗaya ko a kai shi 1,750 da murɗa maɓalli kawai. Wajen tsabtar aiki, gaskiya sabo ya yi wa tsoho nisa.

Amma maɓallin nan yana dogara ne da wani ɗan allon lantarki da ke cikin injin, kuma duk wanda ke ƙarƙashin KEDCO ya san halin wutarmu: ta zo da rauni, ta zo da ƙarfi, ta tafi, a tayar da janareta. Ranar da allon ya ƙone, aiki ya tsaya har sai an samo irinsa, wataƙila daga waje. Tsohon kuwa motarsa daban take, bel ne ya haɗa su. Ta ƙone, mai rewayin zai naɗa mata sabuwar waya, ko a nemo wata a Ƙofar Ruwa a ɗora. Gudu kuma da matsar da bel daga wannan fuli zuwa wancan ake sauya shi. Ga nauyi, wanda ke hana shi rawa a kan teburi. Ni a ganina, ga mai shago a ƙauyen da ke nesa da mai gyara, wannan ya fi saurin yanka muhimmanci.

Sai dai a kula da farantin da ke jikin motar. Kayan Amurka na gida yawanci na bolt 110 zuwa 120 ne, namu 230. In an jona kai tsaye, hayaƙi za a gani. Ko an sa tiransifoma, motar da aka yi don wuta mai zagaye 60 za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a kan tamu mai 50, ta kuma fi yin zafi. Na Ingila da Jamus sun dace da wutarmu.

Kafin a yi ciniki, a tambayi mai kaya wane irin ruwa injin ke ci, domin iri biyu ne: mai ɗan ƙusa a baki da marar ƙusa. Mai ƙusa ya fi sauƙin sakawa, amma ba ya shiga ƙaramin rami, don haka ba ya yin ado mai laushi. Sannan a tabbatar ana samun ruwan a kasuwa da dozin, tunda karyewa yake yi ko a hannun gwani. A kunna injin a gabanka, ka aza tafin hannu a kan faifan. In yana karkarwa har hannunka na tsalle, ko ruwan yana lilo hagu da dama, boris ko maɗaurin ya ci, sai a rage kuɗi ko a bar shi.