Gurɗewar gwiwa: kumburin yau, ciwon gobe

Bayan kaka, in an cika rumbuna, sai ganga ta tashi a garuruwa. Samari su shiga kokowa, yara su shiga ƙwallo. Tun 1975, da aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, kowane gari yana son ɗansa ya yi suna a fili. Amma a filin nan gwiwoyi da yawa suna lalacewa. Kuma ba ƴan kokowa kaɗai ba. Mutum ya kan faɗo daga jaki ko babur, ko ya diro daga amalanke, ko ƙafarsa ta faɗa rami. Sai gwiwa ta murɗe, ta kumbura.

Mutane da yawa suna cewa: «Targaɗe ne, zai wuce.» Bayan sati biyu ko uku kumburi ya saɓe, sai a manta. Alhali ciwon yana iya komowa bayan shekaru, lokacin da mutum yake da iyali a wuyansa.

Yadda gwiwa take

A gwiwa ƙashin cinya da ƙashin ƙwabri suke haɗuwa. Ƙoƙon gwiwa yana rufe su ta gaba. Kan kowane ƙashi akwai guringuntsi, fari mai santsi, irin wanda ake gani a gaɓar akuya in an yanka. Shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wasu faifai biyu na guringuntsi masu tare nauyin jiki. Akwai kuma ɗan ruwa mai yauƙi, wanda yake aiki kamar man da ake sa wa ƙafar amalanke.

Manyan jijiyoyi huɗu ne suke ɗaure ƙasusuwan kamar igiya. Biyu suna gefe, ɗaya ciki ɗaya waje. Biyu suna can tsakiyar gaɓa, sun gitta juna. Ta gaba daga cikin masu gittawar nan ita ce ta kan tsinke in ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki kuma ya juya. Sau da yawa mutum ya kan ji ƙara «ɓas» cikin gwiwa. Kafin ƴan awoyi gwiwar ta cika tam, domin jini ne ya zuba cikin gaɓar.

Amfanin kumburi da illarsa

Kumburi ba abokin gaba ba ne tun farko. In an ji rauni, jiki yana tura jini da ƙwayoyin tsaro zuwa wurin. Su ne suke share naman da ya lalace, su soma gyara. Shi ya sa wurin yake zafi, yake ciwo.

Amma kumburi kamar wutar sassabe ne. In ta ci karan da aka tara ta mutu, ta yi amfani. In ta ɗore, sai ta kama abin da ba a nufa ba. Likitoci sun auna ruwan gwiwar mutanen da jijiyarsu ta tsinke. Sun tarar da sinadaran kumburi sun ƙaru ƙwarai a kwanakin farko, tare da ɓurɓushin guringuntsi da ya soma narkewa. Ga wasu mutane wannan wuta ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana ci a hankali wata da watanni.

Ga inda matsalar take. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, don haka in ya lalace ba ya tohowa kamar fata. Kuma ba shi da jijiyar jin ciwo, don haka yana iya zaizayewa mutum bai sani ba. Ban da haka, gwiwar da jijiyarta ta tsinke tana yin lako-lako. Ƙasusuwa suna zamewa, suna gogar wurin da bai saba ɗaukar nauyi ba. Naman cinya ma yana ramewa don an daina aiki da shi.

Abin da ke biyo baya

In guringuntsi ya cinye, ƙashi ya kan gogi ƙashi. Wannan shi ne amosanin gaɓa, wanda mutane suke kira sanyin ƙashi. Ba sanyi ke kawo shi ba. Gwiwa tana ciwo in an yi tafiya ko an yi noma. Tana sandarewa da safe ko bayan dogon zama. Tana ƙara in an lanƙwasa ta. Tsuguno da durƙuson salla su zama wahala.

An san wannan ciwo ga tsofaffi. Amma binciken likitoci ya nuna cewa cikin mutum 10 da jijiyar nan ta tsinke musu, kusan 5 ana ganin alamar amosani a hoton gwiwarsu bayan shekara 10 zuwa 20. Ke nan saurayin da ya ji ciwo yana da shekara 20 yana iya samun gwiwar tsoho kafin ya cika 40. Hatsarin ya fi yawa in faifan guringuntsi ma ya yage, ko in mutum ya yi ƙiba, ko in gwiwar ta sake gurɗewa.

Abin yi a kwana uku na farko

A daina wasa ko aiki nan take. Kada a ce jarumta ce a ƙarasa kokowa.

A kwanta, a ɗora ƙafa bisa matashi ko buhu, ta fi ƙirji tudu.

A sanyaya gwiwa. In akwai ƙanƙara a naɗe ta cikin ƙyalle, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. In babu, a jiƙa ƙyalle da ruwan randa.

A naɗe gwiwa da ƙyalle mai tsabta, amma kada a matse. In yatsu sun yi sanyi ko sun mutu, a sassauta.

A dogara sanda wajen tafiya.

Abin da ba a yi

Kada a gasa gwiwa da ruwan zafi, kada a murza ta da ƙarfi a kwanakin farko. Wannan yana ƙara kumburi. Kada a ja ƙafa ana neman «a maida ita». Kada a yi tsaga ko sakiya, kada a kafa ƙaho. Ƙwayoyin cuta suna iya shiga gaɓar ta nan, ta yi mugunya, ta lalace cikin ƴan kwanaki.

A yi hankali da ƙwayoyin ƴan tebur. Tramol yana ɓoye ciwo, mutum ya koma fili da gwiwa marar lafiya, ya ƙara ɓata ta. Kuma jiki yana sabawa da shi. Masu rage kumburi, irin su diklofenak, in an daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi irin da za a sha, da yawan kwanakin.

Yaushe za a tafi likita?

A tafi in gwiwa ta kumbura tun ranar, ko ƙafa ta kasa ɗaukar mutum. A tafi in gwiwa ta maƙale ba ta miƙewa, ko tana sulluɓewa cikin tafiya. In ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, ko gwiwa ta yi zafi tare da zazzaɓi, kada a kwana.

Likita zai gwada gwiwar da hannu. Hoton radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Saboda haka in an ce ƙashi bai karye ba, ba a ce gwiwa lafiya take ba. In da bukata, za a tura mutum babbar asibiti, kamar ta Yamai ko ta Damagaram. Ba kowa ake yi wa aiki ba. Aiki yana tsaida gwiwar da ke zamewa, amma ba ya ba da tabbacin tsira daga amosani.

Motsi ma magani ne

Kwanciya mai tsawo tana ɓata gwiwa. Da ciwo ya ragu, a soma motsa ta a hankali. A zauna bisa tabarma, a miƙe ƙafa. A ɗaure naman cinya, a ƙirga 10, a saki. Sannan a kwanta rigingine, a ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya, a sauke sannu. Kowane a yi sau 10, safe da rana da marece. Cinya mai ƙarfi ita ce mai gadin gwiwa.

Kada a yi gaggawar komawa fili. Wanda aka gyara wa jijiya, likitoci suna so ya jira wata 9 ko fiye. Wanda ba a yi wa aiki ba, shi ma ya jira sai gwiwa ta daina kumburi, ta miƙe sosai, ƙarfin ƙafafun biyu ya zo ɗaya.

Iyaye da sarakunan samari da makaɗa suna da nasu aiki. Kada a zuga yaro ya shiga fili da gwiwa a kumbure. Kokowar bana in ta wuce, ta baɗi tana tafe. Gwiwa kuwa biyu ce, kuma da su za a yi noma har tsufa.