Sun Karanci Saƙa, Sun Ƙare a Kamfanin Roba

Ɗaliban da ke karanta kimiyyar saƙa da sinadaran rini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ba su daina fita da kyakkyawan sakamako ba. Abin da ya sauya shi ne inda suke dosa bayan bautar ƙasa. A da hanyar gajera ce: daga aji sai masaƙun Kakuri a Kaduna. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, ta fara aiki a 1957, sannan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Ɗalibi kan yi horon sanin makamar aiki a ɗakin kaɗi ko ɗakin rini, sau da yawa kuma can zai koma ma'aikaci.

Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Dalilan sanannu ne: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, ga fasa-ƙwaurin atamfa mai araha daga Sin da ta cika Kantin Kwari, musamman bayan an soke ƙa'idar kason cinikin tufafi ta duniya a farkon 2005. Kuɗin farfaɗowa na naira biliyan 100 da aka bi da su ta Bankin Masana'antu, da hana masu shigo da yadi canjin dala da Babban Banki ya yi a 2019, duk ba su tayar da Kakuri ba.

To ina yaran suka nufa? Ilimin nasu ne ya cece su. Wanda ya san yadda ake narka sinadari a ja shi ya zama zaren nailan, ya riga ya san rabin aikin leda da buhun taki da katifa da bututun ruwa, domin asalinsu ɗaya ne. Shi ya sa ake samunsu a kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, da masu yin fenti, da ɗakunan gwajin ingancin kaya. Wasu sun zarce digiri na biyu da na uku sun zama malamai. Ita ma jami'ar ta bi kasuwa, ta mayar da sashen na injiniyancin polima da saƙa. Ban ga laifinta ba, ba a horar da mutum don aikin da babu shi.

Sai dai ribar ɗalibi ba ita ce ribar sana'ar ba, kuma a rini aka fi ganin asarar. Shekara da shekaru ana rubuta kundin bincike kan fitar da launi daga lalle da zoɓo da gangamau da karan dafi, ana gwada alif don launin ya kama, ana auna yadda zai jure wanki da rana. Yawancin kundayen nan suna kan kanta a ɗakin karatu. A can marinar Ƙofar Mata kuwa, wadda ake cewa ta samo asali tun 1498, masu haɗa baba da toka da kanwa a karofi sun ragu, ramuka da dama sun bushe. Masu rinin shadda a cikin unguwannin Kano sun koma ga garin kala na kanti da soda mai cin fata. Ka dubi hannun yaron da ke dama tukunyar: shuɗi har gwiwar hannu, babu safar roba, ragowar ruwan kuma kwata za ta sha. Awon da ido ake yi, don haka turmi biyu ba sa fitowa launi ɗaya, mai saye ya wanke sau biyu ya ga ta zuba.

Duk waɗannan matsaloli ne da ɗan aji huɗu a jami'ar da ke Samaru ya san maganinsu, amma babu abin da ya haɗa shi da marini. Ya kamata sassan nan su amince da marina a matsayin wurin horon ɗalibai, kamar yadda suka amince da masana'anta, ƙungiyoyin marina kuma su buɗe musu ƙofa.